Fina-finan daba da matasan Suleja da kyamara ba ta gani

Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke sammako daga Suleja zuwa Abuja ya san matasan da ke cika bakin titi a Madalla da Zuba tun kafin gari ya waye: 'yan kamasho, 'yan acaɓa, masu tallan ruwan leda. Ya kuma san fargabar faɗawa motar 'yan fashin da ke shigar direbobin haya. Garin da ya bar wa babban birnin ƙasa sunansa na asali, Abuja, bayan shawarar 1976, a yau ya tara Gwarawa da Koro da Hausawa da Nufawa da Ibo da Yarabawa, galibi a layi ɗaya. Sai dai fina-finan laifukan birni da ake yayi a Najeriya ba su san da irin wannan gari ba.

A 2023 Netflix ta fitar da Shanty Town, Prime Video kuma ta fitar da Gangs of Lagos na Jade Osiberu, dukansu a kan 'yan daban Legas. Na biyun ya jawo fushin gwamnatin jihar da ƙungiyar 'yan asalin Isale Eko, wadda ta kai ƙara kotu kan yadda aka nuna masu kisa sanye da kayan dodon Eyo. Ko ba komai, mutanen Isale Eko sun ga kansu a allo har suka samu abin musantawa. Matashin Arewa kuwa, in ya leƙo a fim ɗin kudu, an saba ba shi gadi ko acaɓa, da gurɓataccen Turanci don a yi dariya.

A Kannywood ne ya samu suna da uwa da unguwa. Shirin A Duniya na Tijjani Asase, wanda ya fito da Daddy Hikima a matsayin Abale, ya nuna ɗan daba a matsayin mutum mai dangi da dalili, komai muninsa. Amma a nan ne takunkumi ya fi tsanani. A 2021 hukumar tace fina-finai ta Kano ta haramta fina-finan garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, a 2024 kuma ta haɗa da na daba. Damuwar hukumar ba ta banza ba ce, domin akwai shirye-shiryen da wuƙa da gariyo ne kaɗai jarinsu. Matsalar ita ce haramcin bai bambanta mai tallata daba da mai bin diddigin asalinta ba, kuma ikonsa ya tsaya a Kano, bai kai ga abin da Legas ke aikawa wayoyin matasa ba.

Amurka ta sha wannan muhawara. John Singleton ya yi Boyz n the Hood a 1991 a kan unguwannin baƙar fata na Los Angeles inda ya tashi, aka kuma sa shi takarar Oscar ta darakta yana ɗan shekara 24. A Faransa, La Haine na 1995 ya haɗa Bayahude da Balarabe da baƙar fata a matsayin abokai, domin haka unguwannin bayan Paris suke. Wannan ne ya fi kusa da Suleja, inda talauci da tsadar haya ba sa tambayar ƙabila, alhali ko fina-finan Kano ba kasafai suke wuce Bahaushe zalla ba.

Hukumar tace fina-finai ta ƙasa da ma'aikatar raya al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira duk a Abuja suke, tafiyar kusan awa ɗaya daga Suleja. A Afrilun 2024 ruwan sama ya rushe katangar gidan yarin garin, ginin zamanin mulkin mallaka, fursunoni sama da 100 suka tsere. An yi ta maimaita adadinsu a labarai. Su wane ne, daga waɗanne unguwanni, me ya kai su can, wannan aikin mai fim ne, kuma irin fim ɗin da dokar Kano za ta fara tuhuma ke nan.