Ɗalibi a Ƙasar Wasu: Ƙananan Wahalhalun da Ba a Faɗa Masa

A wannan wata za mu duba abin da ke damun ɗalibi idan ya bar ƙasarsu neman ilimi, domin al'amarin ya shafe mu ta fuska biyu.

Tun da aka mai da Cibiyar Musulunci ta Afirka da ke Khartum jami'a a 1992, samari da 'yan mata daga Kano da Sakkwato da Maraɗi suka riƙa kwararowa Sudan karatu. Wasunsu kuma suka nufi Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a Wad Madani a 1975, mai kwalejin horar da malamai a nan Hasahisa. Mun zauna da su, mun kuma lura cewa da wuya littafi ya karya wa ɗalibi zuciya. Abubuwan yau da kullum su ne ke gajiyar da shi.

Na farko harshe. Yaro ya haddace nahawu a gida, ya zo yana taƙama da Larabci, sai mai kanti ya ce masa "dayir shinu ya zol?" ya tsaya yana zare ido. Ya nemi "ma'u" a ce masa sunansa "moya". In ya yi Larabcin littafi a kasuwa a yi masa dariya, a kuma ƙara masa kuɗi, tun da bakinsa ya nuna baƙo ne.

Sai abinci. Wanda ya saba da koko da ƙosai da sassafe, a nan shayi kawai zai samu, ya jira fatur sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, shi ɗin ma ful ne da man riɗi, yau da gobe da jibi. Kisra ta yi masa tsami, doya da man ja kuwa sai dai a mafarki. Ga zafin watan Mayu, ga habub mai rufe gari da ƙura.

Takardu da kuɗi su ne suka fi ci wa ɗalibai rai. Sabunta iƙama kan cinye kwanakin karatu a bin layi daga wannan ofis zuwa wancan. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya sa aiko kuɗi ta banki ya yi wuya ƙwarai, iyaye sai su nemi ɗan kasuwa ko matafiyi su ba shi saƙo, yaro yana nan yana cin bashi. Ƙari a kan haka, ran da aka fara kiransa "Fallati" ko "Takruni", bai san ko suna ba ne ko gori.

To, a nan ne amfanin ɗan gari yake, don baƙo ko da ido makaho ne. Ɗalibin da ya dace da gidan Hausawa a Jazira ko Mai Wurno, aka yi masa tuwo da miyar kuka ran Juma'a, aka kai shi wurin mai agashe, aka koya masa ciniki da sunayen unguwanni, cikin 'yan watanni sai ka ga ya ware. Ko da ya yi dariyar Hausarmu mai gauraye da Larabci, mu ma muna dariyar tasa mai gauraye da Turanci, zumunci ya ƙullu ke nan.

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya juya al'amarin. An kwashe ɗaliban Nijeriya a motoci zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki a sarari kafin a bar su su wuce, wasu kuma aka bi da su ta Port Sudan. A Disamban wannan shekara yaƙin ya iso Wad Madani da Hasahisa, karatu ya tsaya. Daga nan 'ya'yanmu da dama suka watsu zuwa Masar da wasu ƙasashe, suka zama su ne baƙin da ke neman iƙama, suna kewar kisrar da wancan yaro ya ƙi.

Saboda haka muna kira ga iyaye: kafin yaro ya tafi, a samo masa wanda zai sauka a hannunsa, a tsai da hanyar aika masa kuɗi, a koya masa dafa abinci ko kala biyu ne, namiji ne ko mace. In ya bugo waya yana kukan abinci ko kaɗaici, kada a ce masa ragwanci ne, a saurare shi. Ku kuma ɗalibai, ku riƙe takardunku da kwafinsu, ku koyi harshen kasuwa kamar yadda kuke koyon na aji, kada kunyar tambaya ta hana ku.

Mu da ke gida kuwa, duk ranar da ɗalibai baƙi suka sake sallama a garuruwanmu, mu tuna kakanninmu ma da ƙafa suka iso bakin wannan kogi, wasu a kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya dawo mana da 'ya'yanmu da ilimi mai amfani, amin. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.