Tul: Sunan Gari Ne, Ba Ɗan Toile Ba

Akwai masu cewa sunan tul, yadin nan mai kama da raga da ake ɗinka mayafin amare da shi, ya fito daga kalmar Faransanci toile, wato ƙyalle. Hujjarsu ta farko kamar lafazi ce, amma kama da wane ba ta wane. Toile ana furta ta "tuwal", kuma tushenta tela na Latinanci. Wasalin e mai tsawo na Latinanci oi yake komawa a bakin Faransawa, shi ya sa vela ta zama voile, wadda mu muka mayar boyel. Babu hanyar da tela za ta bi ta haifi tulle sai an karya wannan ƙa'ida, su kuwa ba su kawo ko misali guda da ya karya ta ba. Abin da ya tabbata shi ne Tulle gari ne, hedikwatar yankin Corrèze a Faransa, inda mata suka yi suna da leshin allura tun ƙarni na 18, wanda ake kira point de Tulle.

Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi. Sun ce ai ba a Tulle aka ƙera injin saƙa wannan raga ba. Gaskiya ne. John Heathcoat ne ya yi rajistar injinsa a Ingila a 1809, injin da ke murɗa zare ya fitar da idanu masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. A 1816 masaƙan da ke tsoron rasa abincinsu suka farfasa masa injuna a Loughborough, ya tattara ya koma Tiverton, wasu Turawan Ingila kuma suka tsallaka da irin injin a ɓoye zuwa Calais. To amma wannan tarihin inji ne. Sunan ya riga injin zuwa kasuwa, sabon kaya ya tarar da shi ya ɗauka. Haka muslin ya riƙe sunan Mosul, denim kuma na Nîmes, ko'ina aka saƙa su. A Kantin Kwari ma mai sayen atamfa takan ce a ba ta 'yar Holan, kuma ba lallai bandir ɗin da aka miƙo mata ya taɓa ganin Holan ba.

Masu jingina sunan tul ga ɗul na Larabci, wato tsawo, sai su duba rubutu: ɗul da harafin ɗa mai hannu yake farawa, sunan yadin kuwa da harafin ta Larabawa ke rubuta shi.