A Karɓe Littafin Amsa Kafin a Gwada Na'urori

Duk malamin da ya taɓa tsaron jarrabawa ya san cewa ɗalibin da ya shigo da littafin amsa ba a auna iliminsa ba. A ganina haka abin yake idan ana kwatanta ƙarfin manhajojin wasan ces, wanda wasu ke kira darar Bature, a ƙarshen wasa, lokacin da 'ya'ya kaɗan suka rage a kan allo.

A shekarar 1977 Ken Thompson na ɗakin binciken Bell a Amurka ya sa na'ura mai ƙwaƙwalwa ta lissafa kowane yanayi na sarki da sarauniya a kan sarki da hasumiya. Dabararsa ita ce farawa daga inda aka kashe sarki, a riƙa komawa baya taku bayan taku, har kowane yanayi ya sami hukuncinsa: ci, faɗuwa ko kunnen doki. A 1978 aka ba gwanin Amurka Walter Browne sarauniya ya kara da wannan taska. Lissafi ya nuna taku 31 sun isa, amma Browne ya cika taku 50 bai ci ba, sai da ya koma ya yi nazari sannan ya ci a karo na biyu. Na'urar ba ta yi tunanin komai ba, duba jadawali kawai take yi.

Daga baya taskar ta bunƙasa. A 2012 babbar na'urar Lomonosov ta Jami'ar Mosko ta kammala lissafin kusan duk yanayin da 'ya'ya bakwai suka rage, aka gano wani da sai an yi taku fiye da 500 kafin a kashe sarki.

To, idan aka ba Stockfish da Leela Chess Zero taska iri ɗaya, da zarar 'ya'ya sun ragu zuwa bakwai, su biyun karatu suke daga littafi guda. Wanda ya ce ɗaya ta fi ɗaya a nan, me ya auna?

Bambancin gaskiya yana gaba da wannan iyaka, inda 'ya'ya goma ko goma sha biyu suka rage. Nan manhaja za ta yanke shawara ko ta yi musayar 'ya'ya ko ta bari. Nan kuma ake samun abin da 'yan wasa ke kira ganuwa, wato mai rauni ya jera 'ya'yansa yadda ba ta inda za a shiga masa. Manhaja takan ga tana da rinjayen 'ya'ya ta ce ita ke gaba, ta yi ta kai da komo, alhali ɗan wasa mai basira ya gane kunnen doki ne tun kallon farko.

Saboda haka mai son kwatanci na adalci ya rufe wa manhajojin taska, ya ba su lokaci ɗaya da na'ura iri ɗaya, ya ajiye musu yanayin da mu muka riga muka san hukuncinsa daga taskar, sannan ya ƙirga sau nawa kowacce ta saki nasarar da ke hannunta.