Kiwon dabbobin gida: hancin kare da iskar hunturu

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska takan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta bi ta Damagaram da Maraɗi da Tawa har ta kai Yamai. Kowa ya san aikinta a jikinsa: leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, fata ta yi fari kamar an barbaɗa mata toka. Mai gida yakan sayo man shafawa don iyali, ya sa a kakkafa zana a garken tumaki, amma karen da ke kwana a bakin mangaza yana tsaron buhunan wake da albasa, ba kasafai ake tunawa da shi ba. Alhali shi ne ya fi kowa shan wannan iska, kuma wurin da ta fi cin sa shi ne hanci.

Hancin kare shi ne jarinsa. Ƙwayoyin jin ƙamshi da ke cikinsa sun haura miliyan 100, na ɗan Adam kuwa ƴan miliyoyi ne kawai. Fatar bakin hancin ba ta da gashin da zai kare ta, danshi ne rigarta, wanda ke fitowa daga cikin hancin da kuma lasar da karen ke yi. Wannan danshi ne ke kama warin da iska ta ɗauko. Saboda haka karen da hancinsa ya bushe ya tsattsage, har ya fara tsattsafo da jini, mai gadi ne da aka rage wa fitila. Ga kuma zafin da ke sa shi ƙin abinci da yawan fushi. Haka abin yake ga karnukan Azawak masu dogayen ƙafafu da makiyayan arewacin Tawa ke ji da su, haka yake ga karen unguwa.

Akwai wata magana da ta bazu, wai duk karen da hancinsa ya bushe ya yi ɗumi ba shi da lafiya. Ba haka ba ne. Kare in ya tashi daga barci hancinsa a bushe yake, don ba ya lasa yana barci, kuma cikin ɗan lokaci danshin ke dawowa. Bushewar da ke neman kulawa ita ce wadda ta kwana biyu ba ta tafi ba, fatar ta yi kauri, ta yi ɓawo, ta fara darewa.

Iska ba ita kaɗai ke da laifi ba. Da dare karen yakan raɓi wutar da masu gadi ke ji, ko ya kwanta cikin tokar murhu, zafin kuwa yana ƙara ƙeƙasar da fatar. Sai kuma ƙishirwa. Da yawa suna zaton dabba ba ta bukatar ruwa sosai lokacin ɗari, sai a bar kaskonsa ya bushe ko ya cika da ƙura. Kare mai nauyin kilo 20 yana bukatar wajen lita 1 ta ruwa a yini, ko da sanyi ko babu.

Maganin ba shi da tsada. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a dafa shi a kan hancin na ɗan lokaci don ɓawon ya yi laushi, kada a ɓamɓare shi da farce. Sannan a shafa man kaɗe tsantsa, wanda ba a haɗa da turare ba, ɗan kaɗan, sau 2 ko 3 a yini. Amfanin man kaɗe shi ne ko karen ya lashe shi ba ya cutar da shi, kuma lashewar tabbas ce. Dabarar ita ce a shafa daf da ba shi abinci, hankalinsa ya koma kan kasko, man ya sami damar shiga. In babu man kaɗe, Vaseline ɗan mitsitsi zai yi. Wanda ke ƙyamar yawun kare ya taɓa masa hannu, sai ya sa leda ko ya naɗa auduga a tsinke. A kuma yi masa makwanci a bayan katanga inda iska ba ta bugawa, da tsohon buhu a ƙasa. Galibi cikin mako guda ake ganin sauƙi.

Abin da bai kamata a shafa ba ya fi abin shafawa yawa. Man zafi irin na mura da ciwon jiki yana ɗauke da kafur, wanda guba ne ga kare in ya haɗiya, ga shi yana raɗaɗi a kan tsaga. Baƙin man mota da wasu ke shafa wa dabbobi don ƙazuwa, shi ma guba ne. Maganin ciwon kai na mutane, irin su farasitamol, yana iya lalata masa hanta. Mai tallan magani a kan tire ba zai faɗi wannan ba, shi ciniki ya fito yi.

To, amma ba kowace tsagewar hanci ce ta hunturu ba, kuma nan ne ya kamata mai kare ya buɗe ido. Akwai cutar da likitocin dabbobi ke kira da sunan Bafaranshe Hanri Kare, wanda ya gano a 1905 cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa ta. Kamannin sunansa da na dabbar a Hausa dacewa ce kawai. Ƴar uwa ce ga baƙon dauro na yara, da bushiyar shanu wadda aka bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Ta fi kama ƴan kwikwiyo da karnukan da ba a yi wa allura ba. Tana farawa da zazzaɓi, kwantsa mai ruwan mugunya a ido, majina mai kauri, tari, amai da zawo. Daga baya fatar hanci da ta tafin ƙafa su yi tauri su tsage, wani lokaci jiki ya riƙa karkarwa ko farfaɗiya. Saboda haka duk wanda ya ga hancin karensa ya tsage, ya duba idonsa da tafin ƙafarsa. In ido garau yake, ƙafa da laushi, karen yana ci yana haushi, to hunturu ne. In ba haka ba, a ware shi daga sauran karnuka a kira ma'aikacin kiwo, don man kaɗe ba shi da abin yi a nan. Cutar ba ta kama mutum, amma tana kashe karnuka da yawa, kuma allurar rigakafi ce kaɗai kariyarta. Haka nan gyambon hanci da ya wuce mako 2 bai warke ba, ko baƙin hanci da ya koma ja, aikin likita ne.

Saura kashedi guda, wanda ya shafi ran mutum. Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana kai cizo ga abin da ya sani, ko ya kasa haɗiye ruwa, ba a kai hannu kusa da bakinsa da sunan magani, kuma ba a aiken yaro ya shafa masa mai. Wanda ya ciza ko ya lashi rauninsa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira alama ta bayyana.