Ƙwayoyin nano da ruwan tabkinmu: mi ya sa zancen ya shafe mu



Ina yaro, in damina ta kankama a garinmu kusa da Madarunfa, kakata takan ɗebo ruwan tabki ta jefa masa ɗan alif, ta juya, ta rufe tulun. Kafin a jima laka ta kwanta. Amma wani lokaci ko lakar ta kwanta, ruwan yakan riƙe wani launi kamar shayi na uku. Takan ce wannan ruwan ganye ne, alif kaɗan ba ya iya masa. Sai da na yi karatu na gane tsohuwa kimiyya take faɗi.

Launin nan daga ganyaye, ciyawa da kashin dabbobi yake, waɗanda suka ruɓe har suka narke cikin ruwa. Kamar shayin fada ne, ka tace ganyen amma launin yana nan. Bari mu kira shi romon ruɓi. Kowane tabki da kowane gulbi da irin nasa.

To, ga baƙon da ya shigo. Masana'antu suna ƙera wasu ƙwayoyi da ake kira nano, masu girman nanomita 1 zuwa 100. Nanomita ɗaya shi ne mita ɗaya a raba ta gida miliyar ɗaya, kuma kaurin silin gashi guda ya kai wajen nanomita 80,000. Ana sa ƙwayoyin azurfa a wasu safa da tufafi don kashe ƙwayoyin cuta da hana wari. Ana sa farin garin titaniyom da na zinki a man kare fata daga rana, titaniyom ɗin kuma yana cikin fenti. Kayan nan ba sa riƙe ƙwayoyinsu har abada. A 2008 masu bincike a jami'ar jihar Arizona ta Amurka sun wanke irin waɗannan safa, suka tarar azurfar ta fito cikin ruwan wankin. A shekarar ce kuma a Suwizalan aka nuna ruwan sama yana wanko ƙwayoyin titaniyom daga fentin bangon gidaje. Mu kuwa mun san inda ruwan wankinmu yake zuwa: kwata, daga kwata sai tabkin unguwa ko kogi.

Abin da ke faruwa in sun isa can shi ne asalin zancen. In ƙwayoyin nan suka faɗa ruwa mai gishiri, sukan manne da juna, su dunƙule, su yi nauyi, su kwanta ƙasa. In suka tarar da romon ruɓi fa, sai ya lulluɓe kowace ƙwaya kamar riga. Rigar tana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, ƙwayoyin sai su dinga ture juna, su ƙi dunƙulewa, su ci gaba da yawo, ruwa ya kai su nesa. Amma in ruwan yana da kalsiyom da yawa, kamar wanda ya ratsa irin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza, kalsiyom ɗin yakan ɗinke rigar wannan da ta waccan, su dunƙule su nutse cikin laka, inda tarwaɗa ke kiwo.

Rigar nan tana da alheri, tana da sharri. Azurfar da ta narke guba ce ga kifi da ƙananan halittun ruwa, romon ruɓi kuma yakan kama ta ya rage mata kaifi. Sai dai shi ɗin ne yake barin ƙwayoyin su daɗe a ruwa, kuma a ƙarƙashin hasken rana yana iya mayar da narkakkiyar azurfa ta koma ƙwayoyi. Shi ne kuma yake cinye alif, don alif da garin 'ya'yan zogale duk aikinsu kashe cajin nan ne. In romon ya yi yawa sai an ƙara alif, ko a tulun kakata ko a ma'aikatar tace ruwa.

Kun ga ke nan, ba wanda zai ce maka ƙwaya kaza lafiya lau ce ko guba ce bai faɗi ruwan da ta faɗa ba. Romon ruɓin da masana suka fi yin gwaji da shi, daga kogin Suwani na jihohin Jojiya da Fulorida ake ɗebo shi, baƙin ruwan fadama. Namu fa? Kogin Isa a Yamai sau biyu yake sauya hali a shekara: jan ruwan damina mai laka da rassa irin su Sirba ke kawowa a watan Agusta da Satumba, sai cikar da ke tasowa daga Gini ta iso lokacin sanyi. Tabkunanmu kuma garke ke sha, rana ta gasa su, su janye da rani, duk abin da ke ciki ya ƙara kauri. Sakamakon gwajin Fulorida ba zai zama takardar shaidar tabkin Tabalak ba.

Na san wani zai ce: malam, muna fama da kwalara da ƙishirwa, wa ke ta nano? Gaskiyarka, samun ruwa mai tsabta shi ne kan gaba, kuma ban ce kowa ya firgita ba. Amma ku tuna leda. Sai da ta toshe magudanai ta cika tumbin awaki sannan aka yi dokar hana ta a 2014, kuma har yau ga ta nan a kan ƙaya. Ita ma ido yana ganinta ke nan. Tarayyar Turai ta hana sa farin titaniyom a abinci a 2022. Kayan da aka rufe wa ƙofa a wata kasuwa, wata ƙofar yake nema.

Ra'ayina abu uku ne. Duk kayan da aka shigo da su masu ƙwayoyin nano, a tilasta rubuta hakan a jiki. A ba jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa kayan aiki su auna romon ruɓin ruwanmu, damina da rani, a fito da sakamakon cikin harsunanmu. Mu kuma masu saye, in aka ce maka safa ba ta wari ko ka kwana uku da ita, ka tambayi abin da aka sa mata, don ruwa ba ya tsami banza.

Ɗaliban kimiyya da ke neman batun kammala karatu, ga shi nan a bayan gidanku. Kwalba ɗaya ta ruwan tabki ta isa farawa.

Allah ya sa mu dace.