Ƙuri'ar Jin Ra'ayi: Ba A San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare

Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu ta bakin kasuwa.

Zaɓen shugaban ƙasar Amurka mai zuwa sai a watan Nuwamba na 2028, amma tuni aka fara kawo mana labarin ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, wai wane ne ke gaba a wannan jam'iyya, wane kuma ke biye da shi. Rannan wani abokina mai shayi ya ji haka a rediyo, ya ce ai magana ta ƙare, an san ɗan takara. Na ce masa: Malam, bi a hankali, ko shuka ba a yi ba kana auna hatsi.

Da farko ya kamata jama'a su san yadda abin yake. Manyan jam'iyyu biyu ne a can, Rifablikan da Dimokurat. Kowace tana tsayar da ɗan takararta ne ta hanyar zaɓen share fage, jiha bayan jiha, daga farkon shekarar zaɓe har wajen watan Yuni. Shekara da shekaru jihohin Ayowa da Niyu Hamsha ne suka saba buɗe fagen. Ita kuwa ƙuri'ar jin ra'ayi, wasu kamfanoni ne ke tambayar mutum kamar dubu ɗaya wa za su zaɓa, sai su ƙiyasta ra'ayin miliyoyi da amsar da suka samu.

Mu masu sayen hatsi mun san wannan dabara. Ba wanda ke zazzage buhu duka kafin ya saya, hannu kake tsomawa ka ɗebo ɗan kaɗan ka duba. Amma idan daga bakin buhu kawai ka ɗiba, alhali mai kaya ya zuba mai kyau a sama, ka sha ƙasa. Su kansu masu wannan aiki sun yarda cewa idan mutum dubu aka tambaya, lissafin na iya kaucewa da kashi 3 cikin ɗari sama ko ƙasa. Idan kuwa mutum ɗari huɗu ne, kaucewar na kai kashi 5. To ka ga in an ce wane yana da kashi 24, wane kuma 21, ba a gaya maka komai ba, kunnen doki suke.

Babbar matsalar ƙuri'ar da aka yi da wuri ita ce suna take aunawa. Mutumin da ke fama da neman abinci, aka tare shi shekara guda kafin zaɓe, sunan da ya saba ji zai ambata. A 2007 Rudy Giuliani, wanda ke magajin garin Niyu Yok lokacin harin 11 ga Satumba 2001, shi ne ya shafe kusan shekarar duka yana gaba a jam'iyyar Rifablikan. Da aka zo kaɗa ƙuri'a ko jiha ɗaya bai ci ba, ya janye a ƙarshen Janairun 2008 bayan ya zo na uku a Filorida. John McCain, wanda kuɗin yaƙin neman zaɓensa suka kusa ƙarewa a tsakiyar 2007 har wasu suka fara yi masa jana'iza, shi ya sami tutar.

A ɗaya jam'iyyar ma haka aka yi. Hillary Clinton ta ba Barack Obama tazarar da ta kai kashi 20 a wajen ƙarshen 2007. Ran 3 ga Janairun 2008 Obama ya cinye Ayowa, ita ta zo ta uku. Abin dariya, sai masu ƙuri'ar suka juya suka ce Obama zai yi mata kaca-kaca a Niyu Hamsha, kwana biyar bayan haka ita ce ta ci jihar. Daga ƙarshe dai Obama ya zama ɗan takara. Haka Howard Dean ya yi ta tashe a ƙarshen 2003, ya zo na uku a Ayowa, John Kerry ya wuce. Marigayi Jimmy Carter kuwa, manomin gyaɗa daga jihar Jojiya, a 1975 Amurkawa kaɗan ne suka san da shi, amma shi ya ci zaɓen 1976.

Amma fa kada in zalunci abokina mai shayi, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Donald Trump ya hau gaba tun watan Yulin 2015 a cikin 'yan takara 17, masana suka yi ta cewa kumfa ce za ta sace, sai ga shi ya sami tutar a 2016. Joe Biden ya shafe kusan duk 2019 yana gaba, ya zo na huɗu a Ayowa, na biyar a Niyu Hamsha, aka ce tasa ta ƙare, sai jihar Karolaina ta Kudu ta ɗaga shi, ya zama ɗan takara a 2020. Ashe ƙuri'ar ba ƙarya ba ce zalla, sai dai tana bukatar mai iya karanta ta.

Saboda haka duk wanda ya ji an kawo irin wannan labari, ya yi waɗannan tambayoyi kafin ya tsaya yana rantsuwa. Wa ya biya kuɗin aikin? In ɗan takara ne da kansa, ai mai kaya ba ya kushe kayansa. Mutum nawa aka tambaya, kuma 'yan jam'iyyar ne masu fita zaɓe ko kuwa duk wanda aka ci karo da shi? Mutum nawa suka ce ba su yanke shawara ba tukuna? Tazarar babba ce, ta kuma daɗe, ko ta mako guda ce? A 2011 Rick Perry da Herman Cain da Newt Gingrich kowa ya ɗana gaba na 'yan makonni ya sauka, Mitt Romney ne ya kai labari. Sannan a duba jihohin da ke fara zaɓe, domin ba rana ɗaya ƙasar duka ke kaɗawa ba. Giuliani na gaba a ƙasa baki ɗaya, amma ba shi da ƙarfi a Ayowa da Niyu Hamsha, kafin a iso inda yake da jama'a an riga an bar shi a baya.

Abin da ya sa na damu shi ne, mu ma an fara yi mana irin wannan a nan gida. Sai ka ji an ce bincike ya nuna wane ne jama'a ke so, don kawai a kashe wa magoya bayan wani gwiwa. Alhali kuwa a zaɓen share fage na 2022, wakilai ne suka tsayar da 'yan takarar manyan jam'iyyu: Atiku Abubakar da ƙuri'a 371 a PDP, Bola Tinubu da 1,271 a APC. Inda wakilai ke yanke hukunci, tambayar mutanen kan titi ba ta nuna maka wanda zai fito.

Ina kira ga 'yan'uwana talakawa da ƙananan 'yan kasuwa, mu saurari waɗannan alƙaluma kamar yadda muke sauraron farashin hatsi a tsakiyar damina. Ana ji, ana ajiyewa a rai, amma ba a sayar da jaki a kansa. Kada kuma wani ya ƙi fita ranar zaɓe don an ce masa gwaninsa ba zai kai ba. Su kuma gidajen rediyo da jaridu, don Allah in za su kawo mana labarin, su riƙa faɗin mutum nawa aka tambaya da wanda ya ɗauki nauyin aikin.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka, amin.

Naku,
Wani mai sayar da hatsi,
Kasuwar Dawanau, Kano.