Waya ba ta makantar da ido, amma tana ɓoye mana abin da ke makantarwa

Idan dare ya yi a garin Kebbe ko Kuchi, aka ɗauke wuta kamar yadda aka saba, hasken da ke saura a majalisun samari shi ne na wayoyinsu. Kowa ya sunkuyar da kai, waya na kusa da hanci, ana kallon TikTok ko ana bin saƙonnin WhatsApp har ƙarfe ɗaya. Da safe kuma sai ka ji ƙorafi iri ɗaya: ido ya yi ja, yana zafi kamar an zuba yashi, kai na ciwo, rubutu na yin dishi-dishi. Daga nan sai a yanke hukunci cewa waya ce ke kashe idon mutane.

Ina ganin wannan hukunci rabin gaskiya ne, kuma rabin da muka bari shi ya fi haɗari. Waya tana gajiyar da ido, wannan babu gardama. Amma yadda muke ɗora mata kowace matsalar gani ya sa mun bar jaki muna dukan taiki.

Bari mu fara da abin da wayar ke yi. Mutum na ƙifta ido kusan sau 15 a minti ɗaya, kuma kowace ƙiftawa tana shafe idon da ɗan hawayen da ke hana shi bushewa. Likitocin ido a Amurka sun nuna cewa idan mutum ya ƙura wa waya ko kwamfuta ido, ƙiftawar na raguwa zuwa sau 5 ko 7. Haɗa wannan da yanayinmu: ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan zafin bazara da ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu. Idon da iska ta riga ta busar, ga shi kuma an rage ƙifta shi, dole ya yi ƙaiƙayi da raɗaɗi.

Abu na biyu shi ne kusanci. A cikin ido akwai wata tsoka da ke matsewa duk lokacin da za a kalli abu na kusa. Riƙe waya dab da fuska na sa'o'i biyu ko uku kamar riƙe bokitin ruwa ne da hannu a miƙe: ba zai karya hannun ba, amma zai gaji. Shi ya sa idan ka ɗaga kai bayan dogon kallo, abin da ke nesa ke yi maka hazo-hazo na ɗan lokaci, goshi kuma ya yi nauyi.

Na uku shi ne duhu. Mu da wuta ba ta zama mana, yawancin kallonmu a cikin duhu muke yinsa, da hasken waya a ƙure. A shekarar 2016 wata mujallar likitoci ta Amurka ta ba da labarin wasu mata biyu a Ingila da suka riƙa rasa gani a ido ɗaya na wasu mintuna. Da aka bincika, sai aka gano suna kallon waya ne a kwance ta gefe, ido ɗaya a cikin matashi, ɗayan a kan haske. Idanun biyu sun saba da haske daban-daban, shi ke nan. Ganin ya dawo da kansa.

Wannan shi ne muhimmin batu: gajiyar ido daga waya tana wucewa idan aka huta. Har yau babu hujjar kimiyya da ta tabbatar cewa hasken da ke fita daga fuskar waya yana ƙona ido ko yana makantar da babba. Ko shuɗin hasken da ake ta tsoratar da mutane da shi, wanda ke zuwa daga rana ya ninka na waya nesa ba kusa ba. Illarsa da aka fi magana a kai ita ce yana iya jinkirta barci idan ana kallo da dare.

To ina haɗarin yake? Yana cikin abin da muke yi bayan mun zargi waya.

Na farko, tabarau. Yanzu a kasuwannin Tambuwal da Sakkwato, da kuma a shafukan Facebook, ana tallar gilashin da aka ce yana kare ido daga hasken waya. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ba ta ba da shawarar sayensa ba, kuma wani nazari na cibiyar Cochrane da ya tattara gwaje-gwaje 17 a shekarar 2023 bai ga alamar cewa yana rage gajiyar ido ba. Kuɗin da matashi zai kashe a kan irin wannan gilashi ya fi amfani idan ya kashe shi a motar zuwa a duba masa ido.

Na biyu, kuma ya fi muni, maganin ɗigawa. Ido ya yi ja, sai a je kemis a ce a ba da na ɗigawa mai ƙarfi. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. Suna kawar da ja cikin sauri, shi ya sa ake son su. Amma yawan amfani da su ba tare da kulawar likita ba na iya ɗaga matsin cikin ido ya jawo gilakoma, wato hawan jinin ido, ko ya kawo yana. Ga kuma masu ɗiga ruwan ganye, ruwan sukari ko nonon mace. An guje wa gajiyar da barcin dare ɗaya ke warkarwa, an faɗa makantar da ba ta da magani.

Na uku, jinkiri. Magidanci ɗan shekara 45 da ya fara miƙa waya nesa kafin ya iya karanta saƙo ba waya ce ta ɓata masa ido ba. Shekaru ne: bayan 40 ido na rage iya ganin na kusa, ko mutum bai taɓa riƙe waya ba. Ɗan gilashin karatu mai araha, bayan an gwada shi, zai dawo masa da karatun Alƙur'ani da saka zare a allura. Ita kuwa gilakoma ba ta ciwo, tana cin gani ne daga gefe a hankali, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Mai ciwon suga ma idonsa na iya lalacewa ba tare da ya ji komai ba. Duk wanda ya ce “ai waya ce, zan rage kallo” a kan irin waɗannan alamu, yana ba cutar lokaci ne kawai.

Alƙaluma sun goyi bayan wannan magana. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, kafin wayar zamani ta shiga hannun kowa, ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce ta zo kan gaba, gilakoma na biye, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar ana iya kauce mata ko a yi maganinta. Yankinmu ya daɗe yana fama da tarakoma, cutar da ke juya gashin ido yana gogar ƙwayar idon, har ƙungiyoyi irin su Sightsavers suka shafe shekaru suna aiki da jihohin Sakkwato, Kebbi da Zamfara a kanta. Makanta ta riga waya zuwa garuruwanmu, kuma ba za ta tafi ba don mun kashe data.

Akwai wuri guda da nake ganin tsoron waya yana da tushe, wato yara. Idon yaro yana kan girma. Idan ya wuni yana kallon abu na kusa, ba ya fita cikin hasken rana, ƙwayar idon na iya yin tsawo fiye da kima, sai ya daina ganin nesa da kyau. Wannan ba gajiya ba ce da ke wucewa. Gilashi ne har tsufa. A wasu biranen China da Koriya ta Kudu, mafi yawan masu kammala sakandare yanzu haka suke. Wani nazari na 2016 ya yi hasashen cewa zuwa 2050 kusan rabin mutanen duniya za su kasance da wannan matsala. Taiwan ta fara shiri a 2010 na fitar da ɗalibai waje sa'o'i biyu a kullum, kuma ta ga sauƙi.

Abin da Taiwan ke tsarawa a makarantu, yaron Kebbe yana da shi kyauta: gona, kiwo, aike, ƙwallo a fili, wasan dandali. Wannan gata ne, kuma shi muke shirin zubarwa duk lokacin da aka miƙa wa ɗan shekara biyu waya don ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a ba jariri kallon waya ko talabijin, yara masu shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce to ai mafita ita ce a ajiye wayar. Ban yarda ba. Da ita manomi ke jin farashin gero da albasa, da ita ake tura kuɗi, da ita ɗalibi ke shirin JAMB, da ita ake sanin halin hanya kafin a fita. Kai ma da ita kake karanta wannan rubutu. Abin da ake buƙata shi ne iya riƙe ta.

Bayan kowane minti 20, ɗaga kai ka kalli abin da ke nesa, kamar mita 6, na daƙiƙa 20. Ƙara girman rubutu maimakon kusanto da wayar. Rage haskenta da dare, ka kunna fitila ko tocila a gefe don kada ɗakin ya yi duhu ƙirin. Tuna ka riƙa ƙiftawa. Ajiye ta kafin barci. Idan bayan kwana biyu ko uku na hutu ganin bai washe ba, ko akwai ciwo mai tsanani, ko gani ya ragu kwatsam, ko ana ganin abu bibbiyu, to maganar ta wuce waya. A nufi asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen ido, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ga waɗanda aka tura gaba. Wanda ya kai 40, musamman idan akwai makanta a dangi ko yana da ciwon suga, ya je a auna masa matsin ido ko bai ji komai ba.

Sai dai ba adalci ba ne a ce wa mutumin ƙauye ya je a duba shi alhali hanyar na da nisa da tsada. A nan nauyi ya hau kan ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal da Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Allon gwajin gani takarda ce kawai da ake liƙawa a bango. Malamin firamare ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi zai iya koyon amfani da shi a wuni guda. A gwada kowane ɗalibi a farkon zangon karatu. A sa ranar da ma'aikacin ido zai riƙa zuwa babban asibiti a kai a kai, ba sai an jira taron aikin ido kyauta ba. A kuma tsawata wa masu sayar da maganin ɗigawa mai sitiroyid ba da takardar likita ba. Ranar Gani ta Duniya, Alhamis ta biyu a watan Oktoba, lokaci ne mai kyau na fara wannan.

Kai kuma mai karatu, tunda ka kawo ƙarshe, ɗaga kai ka kalli bishiyar da ke can nesa kafin ka buɗe labari na gaba. Idan ganyenta bai fito maka sarai ba, kada ka tsaya zargin waya. Je a duba maka ido.